Malamin Shawara a Kolofata: Abin da Zai Hau Intanet da Abin da Ba Zai Hau Ba

A makarantun sakandare na gwamnati a Kamaru akwai wani ma'aikaci da ba ya koyar da lissafi, ba ya koyar da Faransanci, ba ya kuma ba kowa maki. Aikinsa shi ne ya san yaro: inda yake da ƙarfi, inda yake tuntuɓe, abin da ke hana shi barci, da hanyar da ta fi dacewa da shi idan ya gama. Shi ne malamin shawara, kuma aikina ke nan. Ni ɗan Garwa ne. Na yi horo a babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Marwa, sannan aka turo ni Kolofata, a gundumar Mayo-Sava ta jihar Arewa Mai Nisa, garin da in ka miƙe yamma kaɗan ka wuce Kirawa sai ka ji ka a ƙasar Borno.

Mai karatu na Kano ko Zariya zai buƙaci ɗan bayani kan tsarinmu. Yaro yana shekara huɗu a sakandare sai ya zauna jarrabawar BEPC. A nan hanya ke rabuwa: ko ya bi sashen A na harsuna da adabi, ko sashen C na lissafi, wanda bayan shekara guda sashen D na kimiyyar halittu ke fita daga cikinsa, ko kuma ya nufi makarantar koyon sana'a. Bayan shekara biyu akwai jarrabawar Furobatuwa, wadda ke tare yara da yawa a ƙofa, sai Bak a shekarar ƙarshe. A kowace mararraba ana tambayar malamin shawara ra'ayinsa, shi kuwa ba ya magana da ka. Sai ya duba takardar makin yaro ta shekarun baya, da abin da malaman aji suka rubuta a kansa, da abin da shi yaron ya faɗa da bakinsa. Aikin duka a kan takarda ya ginu.

To, a Kolofata takarda ba ta da tsawon rai. Ranar 27 ga Yuli 2014, ana shirin ƙaramar Sallah, 'yan Boko Haram suka shigo garin, suka kashe mutane, suka tafi da matar mataimakin firayim minista Amadu Ali da lamidon garin, Seini Bukar Lamine. Sai a watan Oktoba aka sako su tare da 'yan Sin goma da aka kama a Waza. Ranar 12 ga Janairu 2015 'yan Boko Haram suka far wa sansanin soja. A Satumbar 2015 aka samu 'yan ƙunar baƙin wake, aka sake samu a sansanin 'yan gudun hijira a Yunin 2017. Mutanen Amcide da Kirawa da ƙauyukan bakin iyaka suka watse, wasu suka tsaya Kolofata, wasu Mora, wasu sai Marwa ko Garwa. 'Yan Najeriya da suka tsallako aka kai da yawansu Minawawo, kusa da Mokolo, sansanin da aka buɗe a 2013. Wanda ya fita da tsakar dare da goyo a baya da wani a hannu ba ya tsayawa neman takardar maki.

Sakamakon haka har yau muna ganinsa. Yaro zai zo ya ce ya yi aji biyu a wani gari, amma ba shi da ko ƙyallen shaida. Makarantar da ya baro ta rufe ko ta ƙaura, malamin da ya san shi an yi masa canjin wurin aiki. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne takardar haihuwa, domin ba a rajistar jarrabawa sai da ita. In ta ƙone, ko ba a taɓa yi ba har wa'adi ya wuce, sai an nemi takardar likita mai kimanta shekaru, a kawo shaidu, a je kotu a Mora ta yanke hukunci kafin magajin gari ya rubuta sabuwa. Ƙungiyoyi irin su UNICEF da NRC suna taimakawa a wannan fanni, wani lokaci ma alƙalai kan fito su yi zama a ƙauyuka. Amma dole wani ya riƙe jerin sunayen: wa ke da takarda, wa ba shi da ita, ta wa ke kotu, ta wa ta fito. A makaranta wannan wanin yawanci malamin shawara ne.

Ban shiga harkar intanet don sha'awa ba. Wannan jerin ne ya tura ni.

WhatsApp ne ya fara zuwa, kamar yadda ya zo wa kowa. Ya yi ƙarfi a wurinmu bayan 18 ga Maris 2020, lokacin da aka rufe makarantun ƙasar saboda korona. Gwamnati ta sa darussa a talabijin na CRTV, ma'aikatar ilimin sakandare kuma ta buɗe dandalin karatu daga nesa. Abin ya amfani yaran Yawunde da Duwala. A nan kuwa gida nawa ne ke da talabijin da wutar kunna shi a lokaci guda? Abin da ya rage mana shi ne waya. Malaman shawara na yankin muka haɗu a zaure ɗaya na WhatsApp, malaman makaranta suka buɗe nasu, aka yi na iyaye.

Ba zan raina WhatsApp ba, don ya yi mana rana. Babbar baiwarsa a wurinmu ita ce saƙon murya. Uban da bai iya karanta Faransanci ba zai saurari bayani da Barbarci ko Hausa ko Fulatanci ko Mandaranci, ya sake saurara da dare, ya kunna wa uwar yaro ta ji. Sanarwar gasar shiga manyan makarantu, wadda a da sai ta kwana a Marwa ta yini a Mora kafin ta iso mu wa'adi ya kusa cika, yanzu ran da ta fito muke ganin hotonta. Amma wurin ajiya da aikin haɗin gwiwa WhatsApp ba shi da tarbiyya. Ka tura jerin sunaye da safe, kafin azahar gaisuwar Juma'a da sanarwar rasuwa da hoton ɗaurin aure sun binne shi. Malamin aji ɗaya ya sauke ya gyara ya turo, na wani ajin ya gyara tsohon ya turo nasa. Ran da za a kai jerin gaba sai ka tarar da kwafi barkatai, wannan an rubuta masa "na ƙarshe", wancan "na ƙarshe na gaske", kuma babu wanda ya cika a cikinsu.

Wanda ya fitar da ni daga wannan ruɗani wani matashin malamin kwamfuta ne, ƙanen bayana, mai ɗauke da irin 'yar kwamfutar nan da gwamnati ta fara raba wa ɗaliban jami'a a ƙarshen 2017, cikin guda 500,000 da aka yo oda daga Sin. Ya gan ni ina gwada kwafi da kwafi da biro a hannu, sai ya ce, "Yaya, me ya sa kake raba takardar? Ka ajiye ta wuri ɗaya, su su zo wurinta."

Maganar nan ita ce dukan sirrin abin da ake kira kayan aikin haɗin gwiwa na intanet, irin su Google Drive da 'yan uwansa Docs da Sheets. A WhatsApp kowa kwafinsa yake samu. A nan kuwa takardar guda ce tak, tana zaune a manyan kwamfutocin kamfanin, kowa ya shiga ita yake gani. Kamar rijiyar unguwa ce: ba a ɗauke ta a kai gidan kowa, kowa ke zuwa da gugarsa. In malamin aji ya gyara sunan yaro da ƙarfe goma, wanda ya buɗe da goma da minti ɗaya gyararren zai gani. Duk mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, kuma jerin sunayen makaranta guda bai kai nauyin hoton biki ɗaya ba.

Muka shirya jadawali: suna, aji, ranar haihuwa, matsayin takardar haihuwa, ko an biya kuɗin jarrabawa. Amfanin farko da na gani bai ma shafi gudun hijira ba, ya shafi rubutun suna. Mu nan kan iyaka muke, tsakanin masu rubutu irin na Faransa da masu rubutu irin na Najeriya. Yaro ɗaya a takardar haihuwa Boukar ne, a rajistar aji Bukar, a rasidin biyan kuɗi Abubakar. Oumarou a nan, Umar a can. A zamanin biro, magatakarda ya san yaron, sai ya wuce. Kwamfuta ba ta san kowa ba. Tun shekarar karatu ta 2018 da aka mayar da biyan kuɗin makaranta da na jarrabawa ta waya da wuraren aika kuɗi, daga baya kuma aka zo da lambar shaida guda ga kowane ɗalibi, harafi ɗaya in ya sha bamban yana iya tsayar da rajistar yaro, ko ya ci jarrabawa a ba shi shaidar da ba ta dace da takardar haihuwarsa ba, ya yi ta zarya shekara da shekaru. Da jadawalin haɗin gwiwa, kowane malamin aji yana zama da takardun yaransa ya gwada harafi da harafi, ya gyara a wuri ɗaya, ni kuma ina gani daga ofis. In wani ya goge layi bisa kuskure, akwai tarihin gyare-gyare da ke nuna wanda ya taɓa da lokacin da ya taɓa, a kuma dawo da na jiya. Wannan kaɗai ya kashe gardama mai yawa a ɗakin malamai, don "ba ni ba ne" ta daina aiki.

Kada mai karatu ya ɗauka muna zaune ne cikin sanyin fanka intanet na gudu. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, kudu da Garwa, wadda aka gama a 1982 mai ƙarfin megawat 72. Mutanen Adamawa da Binuwai da Kogi a Najeriya sun san sunanta saboda ambaliya, mu kuma mun san ta saboda ɗaukewar wuta idan ruwa ya ja baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, waɗanda suka fara da kimanin megawat 30, sun rage zafin abin a birane, amma mu da ke ƙarshen layi sai yadda hali ya yi. Layin MTN da Orange kuwa yau lafiya, gobe sai haƙuri. Don haka rabin koyon da na yi, koyon aiki ne ba tare da intanet ba. Ana iya umartar waya ta riƙe takarda a cikinta, ka yi ta cikawa babu layi, in layi ya dawo ta aika da kanta. Takardar maki ba a ɗaukar ta hoto kai tsaye, ana amfani da madannin sikan da ke cikin Drive, ta fito fes kuma ba nauyi. Taron bidiyo da ake kira daga Marwa, mukan kashe kyamara mu bar murya, in ba haka ba kuɗin data na mako ya tafi a zama ɗaya. Zoom na kyauta ma da kansa yake katsewa bayan minti 40, abin da ni dai ban taɓa jin haushinsa ba, don yana koya wa manya gajarta jawabi.

Daga ma'aikatan agaji kuma na koyi KoboToolbox, manhajar da aka bunƙasa a wata cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard a Amurka. An yi ta ne musamman don wuraren da babu layi: ka tsara tambayoyi, ka sauke a waya, ka shiga unguwa ka cika, ka aika daga baya. Ta fi fom ɗin Google dacewa da mu nesa ba kusa ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Wanda ya iya tura kuɗi ta waya zai iya koyonsa. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Malamin shawara ma'ajin sirri ne. A aji ɗaya a Kolofata za ka samu yaron da aka kashe ubansa, a bayansa kuma yaron da ubansa ya bi waɗanda suka yi kisan. Akwai yarinyar da ta yi zaman daji ta dawo, ba ta son kowa ya sani. Akwai yaran iyalan da suka miƙa wuya suka bi ta hannun hukumar kwance ɗamara da gwamnati ta kafa a Nuwambar 2018, mai cibiya a Mora. Akwai ɗan ɗan banga, wanda in sunan gidansu ya faɗa kunnen da bai dace ba, ba maganar kunya ake yi ba, maganar rai ce. Akwai kuma na ko'ina: wadda ake shirin aurarwa kafin BEPC, wanda ke shan ƙwaya, wadda wani babba ke damunta. Waɗannan yara sukan zo ofishina su rufe ƙofa su yi magana saboda sun yarda maganar a nan za ta tsaya. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Su kuwa waɗannan manhajoji an gina su ne don rabawa. Madannin da ya fi girma a fuskarsu shi ne na "raba". In ka danna, za a tambaye ka matsayin wanda za ka ba: mai kallo kawai, ko mai tsokaci, ko mai gyara. Akwai kuma zaɓi na daban, wanda ya fi kowanne sauƙi kuma ya fi kowanne haɗari, wato "duk mai mahaɗi". In ka zaɓe shi, ba ka buƙatar adireshin kowa, sai ka kwafi mahaɗin ka jefa a zaure. Daga nan ya fita hannunka. Wanda ya samu zai tura wa wani, wani ya tura wa wani, kuma kowa zai buɗe ba tare da ka san ko wane ne ba. Mutane suna son wannan zaɓi don ba ya wahalar da kowa. Ni a ofishina haramun ne ga duk takardar da ke ɗauke da sunan yaro.

Wata rana wani jami'i da ya zo daga nesa, da kyakkyawar niyya, ya nemi mu buɗe babban jadawali guda na "yara masu rauni" na makarantun yankin, kowane malamin shawara ya zuba nasa, da gurbi na musamman na bayyana dalili, don masu tallafi su gani su taimaka. A takarda shawara ce mai kyau. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, adadi zan ba ka: mata kaza, maza kaza, marayu kaza, marasa takardar haihuwa kaza. In tallafi ya zo, ni zan kai ka wurin yaro da yardar iyayensa. Amma suna da dalili a layi ɗaya, wannan ba zai hau ba." Bai ji daɗi ba, ya ce ai takardar a kulle take, sai wanda aka ba izini. Gaskiya ne. Ana ma iya hana saukewa da bugawa. Amma babu wani saiti da ke hana mutum ɗaukar hoton fuskar wayarsa, kuma babu wanda ke hana shi barin wayar a hannun wani.

Wannan batu na barin waya shi ne abin da masu tsara manhajojin nan ba su yi tunaninsa ba, don su a wurinsu waya ta mutum ɗaya ce. A nan waya ta gida ce. Ta uba, babban ɗa ke karanta masa saƙo. Ta uwa, tana hannun ƙanenta rabin yini. Yarinyar da ta ba ni lamba, yawanci ta yayanta ce. Sannan in wuta ta ɗauke, wayoyin unguwa duka a teburin mai caji suke kwana, wasu ko kulle babu. An ce tun 2016 saƙonnin WhatsApp a rufe suke tafiya daga waya zuwa waya, ko kamfanin ba ya iya karantawa. Madalla. Amma a wurinmu ba a hanya ake sace magana ba, a masauki ake tsintar ta. Saboda haka ba na rubuta wa uba "'yarka tana da matsala kaza". Abin da nake aikawa shi ne, "Baba, ina neman ganinka a makaranta in ka samu sarari." Sauran sai mun haɗu ido da ido.

Tsarin da na tsaya a kai shi ne rajista biyu. Ta farko tana intanet, tana ɗauke da abin da ko an manna shi a allon sanarwa ba zai cutar da kowa ba ƙwarai: suna, aji, maki, matsayin takardu. Ita ma ba kowa ke shiga ba. Malamin aji yana gyara na ajinsa, shugaban makaranta yana kallo, kuma a ƙarshen kowane zango ina bin jerin masu izini ina cire wanda aikinsa ya ƙare. Ta biyu littafi ne na takarda a cikin kabad mai kwaɗo, kuma ko a cikinsa lamba nake sa wa yaro maimakon suna. In ina neman shawarar abokan aiki a zaurenmu kan wani lamari mai wuya, sai in sauya aji, in ɓoye unguwa, in bar abin da ya zama dole kawai. A ƙaramin gari, "wata yarinya 'yar aji uku da ta zo daga Amcide bara" suna ne cikakke.

Doka ta fara biyo mu a baya. A Yulin 2023 Kamaru ta yi dokar kare yara a intanet, a Disambar 2024 kuma ta yi dokar kare bayanan mutane. Abu ne mai kyau, don yanzu in na ƙi ba da suna ina da abin da zan dogara da shi ban da taurin kaina. Sai dai doka tana hukunta wanda ya fallasa ne bayan ya fallasa. Yarinyar da labarinta ya zaga gari ba za ta dawo aji don an ci wani tara ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da suka ci mutane da yawa. Na farko satar WhatsApp. Wani zai kira ka da ladabi, ya ce daga ofishin ilimi yake, an shirya taro ta intanet, ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka yanzu. Ka karanta, ya ƙwace asusunka, ya shiga kowane zaure da kake ciki da sunanka, ya fara roƙon a tura masa kuɗi ta Orange Money ko MoMo. In malamin shawara ne aka yi wa haka, ba kuɗi kaɗai ke cikin haɗari ba, har da amanar iyaye da za su ɗauka da shi suke magana. Maganinsa bai wuce minti biyu ba: a shiga saiti a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa lambar sirri, kuma kada a karanta wa kowa lambar da ta shigo, ko da muryarsa ta yi kama da ta shugabanka. Na biyu shi ne mallakar asusu. Mu ma'aikatan gwamnati ne, takardar canjin wuri tana iya fitowa kowane lokaci, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga waɗanda aka turo bakin iyaka suna jiran ta. In jadawalin makaranta yana cikin Gmail ɗin mutum na kansa, ran da ya tafi Ngaundere ya tafi da shi. Ya kamata ofishin shawara ya mallaki adireshinsa, a miƙa shi ga magaji tare da makullin kabad, shi kuma ya sauya kalmar sirri ran da ya karɓa.

Inda na fi jin daɗin waɗannan kayan aiki shi ne ran da yaro zai bar mu. Iyali sun yanke shawarar komawa Mora ko Garwa, ko an samu ɗan uwa a Marwa zai riƙe yaro. Kafin su tafi ina neman izinin uban in yi sikan ɗin takardar haihuwa da takardun maki. In yaro ya isa, abokin aikina na can ya kira ni, in buɗe masa a matsayin mai kallo, shi kaɗai, in ya gama in rufe. Yaro ya shiga ajin da ya dace da shi ba tare da an mayar da shi baya ba. Wani dattijo da na nemi izininsa ya riƙe takardar ɗansa da hannu biyu, ya dube ni ya ce, "Malam, in ka sa ta a cikin wayar, wa da wa zai gani?" Na lissafa masa: ni, da shugaban makaranta, da malamin garin da za su. Ya ce, "Bayan su fa?" Na ce masa kamfanin da ke ajiyar yana ƙasar waje, kuma ba zan rantse masa a kan abin da ban gani da idona ba, shi ya sa ba na sa komai sai takardun da dama hukuma ta san da su. Ya yi shiru, sannan ya miƙo. A duk tarurrukan horon da na halarta ban ji an yi tambayar da ta kai tasa ba.

A watan Oktoba kuma, lokacin ranar ba da shawara ta ƙasa da ake yi a makarantu, tsofaffin ɗalibanmu da ke Jami'ar Marwa, da Ngaundere, da sabuwar Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, suna turo gajerun saƙonnin murya: yadda suka yi rajista ta intanet, nawa ɗaki yake, wace gasa ce ta fi wuya, me suka yi da suka rasa kuɗin mota. Ina tara su a jaka ɗaya a Drive, in kunna wa 'yan ajin ƙarshe. Yarinya ta ji muryar wadda ta taso a unguwarsu tana bayanin karatun jinya da Barbarci, wannan ya fi duk jawabin da zan yi.

Jadawali dai yana nuna mini cewa yaro ya yi mako bai zo ba, amma ba ya faɗa mini dalili. Wannan sai na sa takalmi na bi unguwa, na gaida bulama, na zauna a tabarmar ƙofar gida, a kawo ruwa, a yi ta zagaye kafin a zo kan magana. Lokacin da manhaja ta rage mini na gwada kwafi da kwafi, a nan nake kashe shi.

Kirana ga ma'aikatar ilimin sakandare da makarantun horon malamai na Marwa da Yawunde shi ne su sa wannan a cikin horon malaman shawara, kuma kada darasin ya tsaya kan yadda ake buɗe takarda da rabawa, a fi ba da ƙarfi kan abin da ba a rabawa. A kuma ba ofisoshin shawara na bakin iyaka ɗan faifan hasken rana da kuɗin data, don yanzu daga aljihunmu yake fita. Ku kuma iyaye, daga Kolofata har Garwa, har can Maiduguri da Maradi, in malami ya nemi ɗaukar hoton takardar ɗanku, ku yi masa tambayar dattijon nan: wa da wa zai gani? In ya kasa lissafa muku su ɗaya bayan ɗaya, ku riƙe takardarku har sai ya iya.